Ana cin su Google da Meta tarar biliyoyi, me ya sa ba a ganin sauyi?

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Wani abu ne ya ɗaure mini kai, nake neman masana su kwance mini. Ba a rufa wata uku sai an ji an ci wani babban kamfanin fasaha tara: Meta yuro biliyan 1.2 a 2023, Apple yuro miliyan 500 a Afrilun 2025, Google yuro biliyan 2.95 a Satumban 2025. A Agustan 2024 kuma wani alƙali a Amurka ya yanke cewa Google ya yi babakere a harkar bincike ta hanyar da ta saɓa doka, amma da aka zo maganar gyara bayan shekara guda, ko burauzarsa ta Chrome ba a ƙwace masa ba. Shin dokar hana babakere da dokar kare bayanan mutane abu guda ne? Me ya hana a daddatsa Google kamar yadda aka yi wa kamfanin mai na Standard Oil? Ita kuma tarar, in ba ta hana komai, ina amfaninta?

Barista:

Wa alaikumus salam, Malam. Bari in ɗauki ɓangaren babakere, na bayanan sirri akwai waɗanda suka fi ni a nan.

Dokokin biyu ba ɗaya ba ne. Ta kare bayanai tambayarta ita ce: me kamfani ya yi da bayanan wane, kuma bisa wace hujja? Ta hana babakere kuwa kasuwa take kallo: an toshe wa abokan gasa hanya ko ba a toshe ba? Kamfani zai iya tsare sirrinka tsaf kuma ya zama ɗan babakere, wani ƙarami da ko kashi ɗaya na kasuwa bai riƙe ba ya sayar da bayananka.

A Amurka tushen shi ne sashe na 2 na dokar Sherman ta 1890, kuma girma ba laifi ba ne a cikinta. In kayanka ne suka fi kyau har kowa ya dawo wurinka, ba mai taɓa ka. Sai gwamnati ta tabbatar da abu biyu: kana da ƙarfin babakere a wata kasuwa takamaimai, sannan ka samu ko ka riƙe ƙarfin ta hanyar tare wa wasu hanya, ba ta ingancin kaya ba.

A kan na farkon ake yawan faɗuwa, wato shata iyakar kasuwar. Gwajin da masana tattalin arziki suka saba shi ne: in a ce mutum ɗaya ne ke sayar da wannan kaya, ya ƙara farashi da kashi 5 zuwa 10 cikin 100, masu saye za su gudu zuwa wani kayan? In za su gudu, to wancan ma yana cikin kasuwar, sai a faɗaɗa da'irar. To ina za ka ƙara kashi 5 a kan abin da ake bayarwa kyauta? A nan shari'ar FTC, hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, da Meta ta karye. Ta shigar da ƙara a Disamban 2020, tana neman a warware sayen Instagram na dala biliyan 1 a 2012 da na WhatsApp na biliyan 19 a 2014. Ta ce kasuwar ita ce dandalin zumunci tsakanin dangi da abokai, ta sa Facebook da Instagram da Snapchat da wani ɗan ƙarami MeWe a ciki, ta bar TikTok da YouTube a waje. Meta ya ce a dubi abin da mutane ke yi a Instagram yau, yawancin lokacinsu kallon gajerun bidiyon baƙi ne, ba hotunan dangi ba. A Nuwamban 2025 alƙali James Boasberg ya ba Meta gaskiya, ya ce babakeren da ake da shi yanzu ake so a nuna, ba na 2012 ba. Shekara biyar ta tafi a kan tambayar wa ke cikin kasuwa.

A shari'ar Google kason bai yi gardama ba: kusan kashi 90 na bincike, a waya kusan 95. Laifin shi ne kuɗin da yake biya don ya zama injin binciken da ake tararwa a saite a waya da burauza. A 2021 kaɗai dala biliyan 26.3 ya biya. Apple ya karɓi biliyan 20 a 2022, kuma a zaman kotu aka ji cewa kashi 36 na kuɗin tallar binciken da aka yi ta burauzarsa ta Safari ake ba shi. Yawancin mutane ba sa taɓa saitin da suka tarar. Kowane bincike yana koya wa injin wace amsa aka latsa, wacce aka tsallake, wane kuskuren rubutu ake nufi da wace kalma. Mai yawan bincike shi ke da amsa mai kyau, masu talla su fi biyansa, ya samu abin da zai sake sayen gurbin baɗi. Abokin gasa bai samu binciken da zai koya da shi ba, balle kuɗin taya gurbin. Wannan zagayen ne alƙali Amit Mehta ya ce ya saɓa doka.

Sai dai tabbatar da laifi zama ɗaya ne, gyara kuma wani zama daban da shaidunsa. Akwai kuma tsohon hukuncin da ya ɗaure hannun alƙalin. A 2000 an ba da umarnin raba Microsoft gida biyu, a 2001 kotun ɗaukaka ƙara ta Washington ta soke, ta ce kafin a datsa kamfani sai an nuna alaƙa mai ƙarfi tsakanin laifin da babakeren kansa. Kotun Mehta a ƙarƙashin wannan kotun take, kuma shi da kansa ya rubuta cewa injin Google ya fi sauran inganci. Don haka ya tsaya a kan hana yarjejeniyar "ni kaɗai", da taƙaita sharaɗin gurbin zuwa shekara ɗaya, da tilasta wa Google ya ba abokan gasa da suka cancanta wani ɓangare na rumbun shafukansa da bayanan yadda ake latsawa, ban da na talla. Biyan kuɗin bai hana ba. Hujjarsa ita ce in an hana, Google zai adana kuɗinsa ne kawai, irin su Mozilla mai Firefox, da mafi yawan kuɗin shigarsa daga nan yake, su durƙushe. Ya kuma ce fitowar su ChatGPT ta sauya filin. A ganina nan raunin yake, an bar wanda ya fi kowa aljihu ya ci gaba da taya gurbin duk shekara. Ka kuma lura, a wannan shari'ar ko dala ɗaya ba a ci Google ba, ba tara aka je nema ba.

Standard Oil dama tarin kamfanoni ne da aka ɗaure ƙarƙashin uwa ɗaya, a 1911 aka kwance su 34. AT&T a 1984 bisa yankuna aka yanka shi, kamfanoni bakwai na layin tarho na gida, kuma sulhu aka yi a 1982. Duka biyun akwai gaɓar da wuƙa za ta bi. Chrome ba ya sayar da komai, darajarsa ita ce binciken da yake turawa Google, kuma mai kuɗin sayensa wani ƙaton ne. Inda gaɓar take a jikin Google ita ce harkar talla, da ya gina a kan DoubleClick wanda ya saya dala biliyan 3.1 a 2008. Shi ne dillalin mai shafin da ke sayar da gurbin talla, shi ne dillalin mai saye, kasuwar gwanjon ma, AdX, tasa ce, yana cire la'adar kashi 20. A Afrilun 2025 alƙaliya Leonie Brinkema ta same shi da babakere a ɓangaren masu shafi da kasuwar gwanjon, Ma'aikatar Shari'a kuma ta nemi a tilasta masa sayar da AdX. Tarar biliyan 2.95 da ka ambata, ta Turai, a kan wannan harkar ce.

Malama Mai Kare Bayanai:

Sannu da ƙoƙari, Barista. Malam, game da tara, fara auna ta tukuna. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, da ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018, ta yarda a ci tara har kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani na duniya a shekara, ko yuro miliyan 20, duk wanda ya fi yawa. Cinikin Meta a 2022 ya haura dala biliyan 116. Yuro biliyan 1.2 kusan cinikin kwana huɗu ke nan. Saboda haka in kana karanta hukunci, tsallake adadin, ka nemi umarnin da ke biye da shi da wa'adinsa.

Ga wanda ya yi aiki. A Janairun 2022 hukumar CNIL ta Faransa ta sanar da cin Google yuro miliyan 150, Facebook miliyan 60, saboda karɓar kukis, wato 'yan fayilolin da shafi ke ajiyewa a burauzarka don ya gane ka, latsawa ɗaya ce, ƙin karɓa kuwa sai ka bi shafi bayan shafi. Ta ba su wata uku su gyara, bayan nan yuro 100,000 kowace rana. A cikin shekarar maɓallin ƙin karɓa ya bayyana a shafin Google da YouTube a Turai, gefe da gefe da na karɓa. Umarnin gajere ne, kowa na iya duba shi da ido, jinkiri kuma da farashinsa.

Ga wanda bai yi ba. Sashe na 6 na GDPR ya ce ba a sarrafa bayanan mutum sai da ɗaya daga hujja shida: amincewarsa, cika yarjejeniya da shi, wajibin doka, ceton rai, aikin hukuma don amfanin jama'a, ko halastacciyar buƙatar kamfani in ba ta danne haƙƙinsa ba. Ana gab da fara aiki da dokar, Facebook ya cusa tallar da ake aunawa da halayen mutum cikin sharuɗɗan amfani, ya ce yarjejeniya ce, ba sai ya nemi izini ba. Ƙungiyar noyb ta Max Schrems ta kai ƙorafi tun ranar farko. Hukunci bai fito ba sai Janairun 2023, yuro miliyan 390. Meta ya tsallaka zuwa hujjar halastacciyar buƙata. A Yulin shekarar Kotun Turai, a shari'ar da ta taso daga hukuncin hukumar gasa ta Jamus na 2019, ta nuna wannan hujjar ma ba za ta ɗauki irin wannan talla ba. A Nuwamba sai ya fito da "biya ko ka amince": yuro 9.99 a wata ta kwamfuta, 12.99 ta waya, in ba ka son a bi sawunka. A kan wannan aka ci shi miliyan 200 a Afrilun 2025, kuma da wata dokar daban. Kusan shekara bakwai ana tufka da warwara, tallar ba ta tsaya ko wuni ɗaya ba.

Jinkirin daga tsarin dokar yake. Kamfanin da ke aiki a ƙasashe da yawa, hukumar ƙasar da babban ofishinsa na Turai yake ita ce ke jan bincike. Meta da Google da Apple da TikTok duk a Ailan suke, Amazon a Luksamburg. Ko a Jamus ka kai ƙorafi, Dublin za a tura shi. Can za a bincika, a rubuta daftarin hukunci, a raba wa sauran hukumomi, su yi suka cikin mako huɗu. In ba a daidaita ba, sai majalisar hukumomin, EDPB, ta yanke bisa sashe na 65. Bayan nan kamfani ya tafi kotu. A shari'ar miliyan 390 ɗin, daftarin Ailan ya amince da hujjar yarjejeniyar, ya kuma ba da shawarar tarar miliyan 28 zuwa 36 kawai a ɓangaren Facebook, majalisar ce ta juya shi. Faransa ta tsere wa wannan layin ne don kukis na ƙarƙashin wata doka ta 2002 wadda ba ta da wannan sharaɗin.

Ita biliyan 1.2 ɗin, a kan kwashe bayanan Turawa zuwa Amurka ce. Sau biyu Kotun Turai tana rushe yarjejeniyar kwasar, a 2015 da 2020, saboda hukumomin leƙen asirin Amurka na iya shiga bayanan. Abin da ya fi tsorata Meta a hukuncin Mayun 2023 shi ne umarnin ya daina kwasa cikin wata biyar. Ranar 10 ga Yuli aka amince da sabuwar yarjejeniya ta uku, umarnin ya bi ruwa kafin wa'adi ya cika. Kuɗin tarar kuma baitulmalin ƙasar yake shiga, ba aljihun waɗanda aka taɓa ba, shi ma sai an gama ɗaukaka ƙara.

Amurka ba ta da doka guda ta tarayya mai rufe komai. Gutsattsari ne: COPPA ta 1998 ta yara 'yan ƙasa da shekara 13, HIPAA ta 1996 ta bayanan lafiya, sai sashe na 5 na dokar FTC da ya hana yaudara. Ma'ana, ba a kama kamfani don ya kwashi bayanai da yawa, sai don ya yi alkawari ya saɓa. Tarar dala biliyan 5 ta 2019, bayan badaƙalar Cambridge Analytica, kamfanin da ya kwashi bayanan miliyoyin masu Facebook don harkar siyasa, ta yiwu ne don Facebook ya karya umarnin sulhun da ke kansa tun 2012. Wadda ta fi cizo ƙaramar doka ce ta jihar Illinois ta 2008 a kan zanen yatsa da siffar fuska, don ta ba mutum kansa damar kai ƙara: dala 1,000 in sakaci ne, 5,000 in da gangan ne. Ninka wannan da miliyoyin mutane. Facebook ya biya dala miliyan 650 a sulhu, a Nuwamban 2021 kuma ya rufe tsarin gane fuska, ya ce zai goge siffar fuskar mutum fiye da biliyan 1.

Ga wanda GDPR ta rufe, wato mai zama a Tarayyar ko ɗan wace ƙasa ne, sashe na 15 ya ba shi damar neman kwafin bayanansa kyauta, a amsa cikin wata ɗaya, ana iya ƙara biyu in an ba da dalili. Kuskuren da ake yi shi ne tsayawa a kan maɓallin sauke bayanai, wanda galibi abin da ka ɗora da hannunka yake dawo maka. A rubuce ake nema, a ambaci dalilin sarrafawa, waɗanda aka ba bayanan, inda aka samo su, da tsawon ajiya.

Injiniya:

Malama ta ambaci wata doka daban, DMA ce, dokar kasuwannin intanet ta Tarayyar Turai. An yi ta ne don tsohuwar hanyar ta gaji. Shari'ar Google da shafukan kwatanta farashi an buɗe ta a 2010, tarar yuro biliyan 2.42 ta zo a 2017, hukuncin ƙarshe a Satumban 2024. Shekara 14, da yawa cikin masu ƙorafin sun riga sun rasa kasuwa. Ihu bayan hari. DMA ta ce ba sai an shata kasuwa ko an nuna cutarwa ba. In cinikinka a Tarayyar ya kai yuro biliyan 7.5 a kowace cikin shekaru ukun baya, ko darajarka ta kai biliyan 75, kana da mutum miliyan 45 a wata da 'yan kasuwa 10,000 a shekara, to kai mai tsaron ƙofa ne. A Satumban 2023 aka ayyana shida: Alphabet uwar Google, Amazon, Apple, ByteDance mai TikTok, Meta da Microsoft, Booking ya biyo a 2024. Daga Maris 2024 ba fifita kayanka a jerin sakamako, ba haɗa bayanan manhajojinka biyu sai da izini, ba hana mai manhaja gaya wa mutane akwai hanyar biya mai rahusa a waje. Tara har kashi 10, in an maimaita 20.

Inda abin ke lalacewa shi ne lauya ke rubuta umarni, wanda ake tuhuma kuma shi ke zana allon. A 2004 aka umarci Microsoft ya fitar da Windows marar Media Player. Ya fitar, a farashi ɗaya da mai shi, kusan ba wanda ya saya. Daga baya aka sa shi nuna allon zaɓen burauza, sai allon ya ɓace a wani sabunta Windows 7 daga Mayun 2011 zuwa Yulin 2012, mutum kusan miliyan 15 ba su gan shi ba, wata 14 kafin a gyara. Tarar yuro miliyan 561 ta biyo baya. Bayan hukuncin Android na 2018, Google ya yi allon zaɓen injin bincike, amma guraben ukun gwanjonsu ya riƙa yi, sai 2021 aka matsa ya mai da su kyauta. Duk allon zaɓi a kan ƙananan abubuwa yake tsayawa ko ya faɗi: yaushe yake fitowa, jerin a cakuɗe yake ko mai gida ne a sama, akwai maɓallin "sai anjima", kuma zaɓin ya shafi duk akwatunan bincike na wayar ko ɗaya kawai.

Apple ya fi kowa iya wannan. Da aka ce ya bar wasu shagunan manhaja su shiga iPhone a Turai, a 2024 ya sa kuɗin rabin yuro a kan kowace saukewar farko a shekara bayan miliyan 1. Yi lissafi bisa tsarin na farko: manhajar kyauta da aka sauke sau miliyan 3, yuro miliyan 1 za a bi ta a shekara, ko ba ta sayar da komai ba. A Amurka kotu ta ce ya bar masu manhaja su sa mahaɗin biya a waje, sai ya ce zai karɓi kashi 27 maimakon 30. Kuɗin sarrafa kati na cinye kusan ukun da suka rage. Ba cinya ba, ƙafar baya. A Afrilun 2025 alƙaliya Yvonne Gonzalez Rogers ta yanke cewa ya karya umarninta da gangan.

Abin da nake so Malam ya riƙe, wanda Barista da Malama ba su taɓa ba: dokokin nan biyu sukan ja igiya ɗaya ta fuska biyu. A Afrilun 2021 Apple ya sa dole kowace manhaja ta nemi izini kafin ta bi sawun mutum a wasu manhajoji. Ta fuskar sirri ci gaba ne, Meta ma ya ce zai rasa kusan dala biliyan 10 a 2022. Amma a Maris 2025 hukumar gasa ta Faransa ta ci Apple yuro miliyan 150, don tsarin ya sa wasu neman izini sau biyu, shi kuma bai ɗora wa kansa irin wannan nauyin ba. Google ya ce a 2020 zai kashe kukis na waje, waɗanda masu talla ke bin mutum da su daga shafi zuwa shafi, a Chrome, hukumar gasa ta Birtaniya ta taka masa birki, don shi yana da bayanan Gmail da YouTube da bincike, masu hamayya da shi ne za su makance. A 2024 ya janye.

Umarnin Mehta na raba bayanan bincike ma wannan ramin ne a gabansa. A 2006 kamfanin intanet na AOL ya saki bincike kusan miliyan 20 na mutum 650,000, ya maye sunaye da lamba. Cikin kwanaki 'yan jarida suka gano wata mata daga abin da ta bincika kawai. Mutum yakan rubuta sunansa, titinsa da cutarsa a akwati ɗaya. Maganin da aka saba shi ne a zubar da duk binciken da mutane kaɗan ne suka yi shi. To waɗannan baƙin tambayoyin su ne abokin gasa ke buƙata, don sananniyar tambaya kowane inji ya iya amsa ta. Google da kansa ya ce kashi 15 na binciken kowace rana sabo ne fil. Ka tace sosai, ka ba su abin da ba ya amfani. Ka sassauta, ka tona asirin mutane. Kwamitin fasaha da hukuncin ya kafa, a kan wannan ma'aunin aikinsa zai tsaya.

Mai Neman Sani:

Allah ya saka muku da alheri, na ƙaru ƙwarai. Barista, ashe ke nan da an hana sayen Instagram da WhatsApp da DoubleClick tun farko, da duk wannan wahalar ba ta taso ba? Me ya sa aka bari?

Barista:

Amin, Malam. An duba su duka, an kuma bari, don ma'aunin lokacin kuɗin shiga yake aunawa. Instagram ma'aikata 13 gare shi, ba ya samun kuɗin shiga. A Amurka, bisa dokar 1976, masu babban cinikin sayen kamfani kan sanar da hukuma su jira kwana 30. In ta yi shakka sai ta nemi ƙarin takardu, in tana son hanawa kuma sai ta shawo kan kotu cewa gasa za ta ragu sosai. Nuna cewa manhajar hotuna ta mutum 13 za ta zama kishiyar Facebook hasashe ne, kotu kuwa ba ta cika son hasashe ba.

A Turai galibi cinikin sayen kamfani ba ya zuwa gaban Hukumar Tarayyar Turai da ke Brussels sai kuɗin shigar kamfanonin a haɗe ya kai yuro biliyan 5 a duniya, kuma aƙalla biyu kowanne na da miliyan 250 a Tarayyar. WhatsApp bai kai ba, ta hanyar miƙawa daga ƙasashe maganar ta isa Brussels. A can Facebook ya ce ba zai iya haɗa asusun Facebook da lambar WhatsApp kai tsaye ta hanyar da za a dogara da ita ba. A Agustan 2016 ya fara haɗawa. A Mayun 2017 aka ci shi yuro miliyan 110 kan ba da bayanin da ba daidai ba, amincewar kuma tana nan daram. Daga nan Jamus da Austiriya suka ƙara ma'aunin farashin saye a 2017, yuro miliyan 400 da miliyan 200, ko kamfanin da ake saye ba shi da ciniki. Hukumar Turai ta gwada karɓar ƙananan ciniki ta hannun ƙasashen da su ma ba su da hurumi, Kotun Turai ta rufe wannan ƙofar a Satumban 2024 a shari'ar Illumina. DMA ta tilasta wa masu tsaron ƙofa sanar da kamfanonin fasahar da za su saya, amma sanarwa ce kawai, ba ikon hanawa.

Ba a ce ba a taɓa warwarewa ba. Hukumar gasa ta Birtaniya ta tilasta wa Meta sayar da Giphy, rumbun hotuna masu motsi, wanda ya saya kusan dala miliyan 315 a 2020, Shutterstock ya ɗauka a miliyan 53 a 2023. Ya yiwu ne don tun ana bincike hukumar ta ba da umarnin a ajiye kamfanonin a rarrabe, ta kuma ci Meta fam miliyan 50.5 da ya yi wasa da umarnin. Instagram kuwa an shafe fiye da shekara goma ana cuɗa rumbunsa da tallarsa da na Facebook. Adobe ya fasa sayen Figma na dala biliyan 20 a Disamban 2023 bayan Turai da Birtaniya sun nuna adawa, ya biya biliyan 1 na fasawa. Amazon ya fasa sayen iRobot a Janairun 2024.

Su ma kamfanonin sun sauya salo. A Maris 2024 Microsoft bai sayi kamfanin ƙirƙirarriyar basira na Inflection ba, ya ɗauke shugabanninsa da mafi yawan ma'aikatansa ne, ya biya kuɗin lasisin fasaharsa, kamfanin yana nan a takarda. Birtaniya ta ce a dokarta wannan ma haɗewa ce, ta duba, ta bar shi ya wuce a Satumban shekarar.